Ƙahon Da Na Sauke Daga Tsamiya

Da sunan Allah, wanda ya san abin da ruwa ya ɓoye da abin da ciki ya ɓoye. Ku 'ya'yana, wannan ne babin da na daɗe ina kewaye wa. Na ba ku labarin haihuwata, na gaya muku yadda na bar makaranta a aji biyu na sakandare, duk wannan surutu ne. Ga maganar nan yanzu. Watan jiya aka binne Kansila Nasiru, kuma kun ga da idonku ɗan'uwanku Bashir ya ƙi tashi daga kan benci ya je sallar gawa. Ya ce shi ba zai tsaya a kan gawar wanda ya kashe masa uba ba. Kun yi shiru, domin abin da kuka taso kuna ji a garin nan ke nan. Ni ma na yi shiru, amma shiruna ba irin naku ba ne. Bashir ɗan Yaya Sani ne, a hannuna ya tashi tun bai iya wanke hannunsa ba, Baba yake ce min, shi ke kai ni asibiti in ƙafar nan ta kumbura. Na san in na buɗe baki zan iya rasa shi. Shekara ashirin da 'yan kai ina auna wannan, kullum tsoro ke rinjaye.

Mu gidanmu gidan masu ne, wato masunta, a ruwa muka buɗe ido. A mashiginmu, can ƙasa da gada inda mutanen ƙauyuka ke tsallakowa da kwalekwale don su rage tafiya, akwai wata tsohuwar tsamiya. A jikinta akwai ƙusa, a ƙusar akwai ƙahon bijimi rataye da igiyar fata. Tun kakanninmu haka yake. Ba shi da mai shi, ba shi da makulli. Duk wanda ya ga ruwa ya kama mutum, ko mace ce mai wanki, ko baƙo ne mai wucewa, ya ciro shi ya busa sau uku masu tsawo. Duk masuncin da ya ji, ko loma ce a hannunsa ya ajiye, ko aski ake masa ya tashi da rabin kai. Ba a tambayar wane ne ya faɗa, ba a tambayar ranar wa ce. Doka ɗaya ce: wanda ya busa na ƙarya, a ɗauke shi da kayan jikinsa a wurga a kogi. Yaya Sani ne ke kula da shi bayan rasuwar mahaifinmu, yana shafa masa man shanu da rani don kada ya tsage. Mutum ne maras yawan magana. Ni na fi shi iya nutso, kowa ya sani, amma shi ake gaisarwa da girma. Wannan ya daɗe yana cina, kodayake a lokacin da an tambaye ni sai in rantse ba haka ba ne.

Nasiru kuwa benci ɗaya muka zauna a firamare. Kawunsa yana aiki a Kano, yana kawo masa wasu littattafan Turawa masu zane-zane. Ni Turancin bai dame ni ba, hotunan nake kallo. A ciki akwai wani birni mai dogayen benaye, in ɓarayi suka addabi mutane sai a haska wata ƙatuwar fitila sama, hasken ya daki girgije da wata alama a tsakiyarsa. Da ganin haka sai wani ƙato mai baƙar alkyabba ya diro daga inda ba a sani ba, ya gama da su, ya ɓace. Mun kalli shafin nan har ya yage. Abin da ya kama ni ba dukan ɓarayin ba ne. Gari guda ya ɗaga kai sama yana jiran mutum ɗaya, wannan shi ne ya shiga raina ya zauna. Nasiru ya ci gaba da karatu, ni na koma kwalekwale, amma hoton nan bai bar ni ba.

Sai ga shekarar da soja suka koma bariki aka ba farar hula mulki. Ku ba ku ga Wudil a shekarar nan ba. Kowane bango ya sha fasta, kowane mai rigar shadda yana da abin da zai kawo mana. Wanda jiya ba ya iya ɗaga murya gaban ɗan sanda, yau yana kan tebur yana cewa talaka ne sarki. Mu ma mun yarda, ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi muke ji. Nasiru ya tsaya kansila ya ci. Kuma ku sani, ba ɓarawo ba ne. Mutum ne mai son a ga ya yi wani abu da ba a taɓa yi ba. Wata rana da la'asar ya zo har bakin kogi da takalminsa mai sheƙi, ya same ni ina kwashe ruwa daga kwalekwale.

"Ilu, ka tuna littafin nan?" in ji shi.

Na ce, "Wanne a ciki, ranka ya daɗe?"

"Kai, bar ranka ya daɗen nan, ni da kai. Mai fitilar. Zan kawo ta Wudil. Kai ne za ka zama mutumin."

Dariya na yi. Kafin damina ta yi ƙarfi sai ga fitila daga Kano, fuskarta ta kai faifai uku. Aka kafa ta kan wani dogon ƙarfe kusa da mashigi, aka gina wa janareta ɗan ɗaki, aka ɗauki maigadi, Malam Audu, tsohon soja, aka ba shi makulli. Maƙeri ya yanka gwangwani siffar tarwaɗa aka manna a gilashin. Ni aka ɗinka min riga ruwan ɗorawa mai rubutu a baya. Ranar buɗewa, bayan magariba, mutane suka cika bakin kogi, makaɗa na kiɗa. Nasiru ya hau tebur ya ce zamanin ƙaho ya wuce, yanzu zamanin lantarki ne, daga yau wanda ruwa ya kama gwamnati ce za ta cece shi. Malam Audu ya ja janareta, haske ya soki sama, tarwaɗa ta fito a jikin hadari. Wata tsohuwa ta ce ita dai silifa take gani, aka kwashe da dariya, amma kowa kansa na sama. Sai Nasiru ya ɗaga hannuna. A ranar na ɗauka an haife ni ne domin wannan.

Da muka koma gida, Yaya Sani yana zaure yana ɗinkin koma, ragarmu ta kamun kifi. Bai je ba.

"Yaya, ba ka ga fitila ba?"

"Na gani daga nan. Tana da kyau," in ji shi, bai ɗago ba. "Ilu, yaushe Baba ya ce ruwa ya fi cin mutane?"

Na ce, "Ban tuna ba."

"Ka tuna. Daga hantsi zuwa la'asar. Lokacin wanki, lokacin kasuwa. Wa ke shiga ruwa da duhu in ba mu ba? Sannan ita mutum ɗaya take kira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Na ce masa hassada ce. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya koya min riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa, na dubi tsabar idonsa na ce hassada ce. Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Sau biyu aka kunna fitilar don aiki a watan farko. Na farko wani mai shanu ne ya zame da almuru yana tsallakar da garke. Ina masallaci, muna fitowa aka ce Ilu dubi sama. Na ruga gida na sa riga, ku ji fa, sai da na tsaya na sa riga, sannan na nufi kogi. Kafin in isa wata mata ta riga ta busa ƙaho, masu shida sun fito da mutumin yana amayar da ruwa a kan yashi. Da na iso ina haki da rigata ruwan ɗorawa, wani ya ce, "Ku ba da hanya, ga gwamnati ta iso." Aka yi dariya har da mai aman. Na biyun ma haka, har ya fi muni, don akuya ce ma ta faɗa, kuma kafin Malam Audu ya samu janareta ta tashi an riga an yanka ta. Daga nan ko shayi na je sha sai in ji ana busa ƙaho da baki a bayana. Na kwanta ina tunani, sai zuciya ta ce min matuƙar ƙahon nan yana rataye, fitila ba za ta taɓa yin aiki ba. Ban ce mata ƙarya kike ba.

Wata Laraba da tsakar rana, rana ta take, mashigi ba kowa sai Malam Audu yana gyangyaɗi a inuwar ɗakin janareta, na je na ciro shi daga ƙusa na cusa a buhun koma na wuce. Ni, Iliyasu, mahaifinku. Ba kansila ba, ba yaransa ba. Na kai shi gida na sa a akwatin ƙarfe na rufe. Kafin la'asar magana ta cika gari, kuma ba wanda ya yi wata-wata, kowa ya ce aikin yaran kansila ne, ai shi ya ce zamanin ƙaho ya wuce. Masu suka fusata amma suka ji tsoro, don har lokacin ba mu gama sabawa da cewa ana iya yi wa hukuma musu ba. Yaya Sani bai je ƙara ko'ina ba. Ya tafi wurin mahauta ya zaɓo wani ƙahon, domin ba kowanne ke amo ba, ya binne shi a taɓo don ɓargon ciki ya ruɓe ya fita. Ya ce sai ya yi mako biyu kafin a huda shi.

Mahaifiyarku Talatu ce ta fara ganewa. Ta buɗe akwatin neman zanen gado.

"Malam, wannan me yake yi a ɗakina?"

Na ce, "Ajiya ce. Rufe min akwati."

"Ajiyar wa? Wallahi ka mayar. Ka mayar tun ba a ji ba, ka ce a cikin ciyawa ka tsinta. Ni ba zan kwana ɗaki ɗaya da hakkin mutane ba."

Na daka mata tsawa, ta rufe akwatin ba don ta yarda ba. Wauta kuma ta sa na je na gaya wa Nasiru, ina zaton zai yaba min. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ilu, ka haukace ne? Ni magana na yi a kan tebur, maganar tebur daban. Ka mayar da shi yau."

Na ce gobe. Gobe ta zo na ce jibi. So nake a kunna fitilar sau ɗaya tak ba ƙaho, in fito da mutum ni kaɗai gari ya gani, sannan in mayar. Kwana tara ina jiran wani ya faɗa ruwa domin in yi suna. Ku karanta layin nan sau biyu, don ni sai da na shekara goma kafin na iya faɗa wa kaina shi.

Ranar ta tara Juma'a ce, ranar kasuwa, kogi ya cika ya yi ja. Da hantsi ina cikin kasuwa da rigata, ina zaune wurin mai fura ana zolayata ina ramawa. Tsakanina da mashigi bai fi tafiyar da za ka yi kana cin goro ɗaya ba. Abin da ya faru a can daga bakin Malam Audu na ji shi. Wani kwalekwale ya taso daga tsallake da mata masu tallan nono, ya yi lodi fiye da kima, da ya zo inda ruwa ke juyawa sai ya kife. Mai tuƙin da wasu suka kama jikinsa, mata biyu ruwa ya ja su. Yaya Sani yana bakin gaɓa. Malam Audu ya ce da idonsa ya ga ya ruga tsamiya, ya kai hannu, hannun ya sauka kan ƙusa. Jiki ne ya saba, ya manta babu. Ya yi kururuwa, amma ranar kasuwa wa zai ji muryar mutum ɗaya? Sai ya faɗa ruwa. Ya fito da ta farko ya ajiye, ya koma. Ta biyun ta riƙe masa wuya, irin riƙon da wanda ke nutsewa yake yi. A aikinmu an san wannan, shi ya sa ba a shiga mutum ɗaya, dole akwai na biyu da zai ɓamɓare hannun. Ya dai turo ta har ta kama ƙwaryar nono da ke yawo, ta tsira. Shi bai fito ba. Masu huɗu suna bayan tudu suna shanya koma, ba su ji komai ba.

Malam Audu kuwa ya yi aikinsa daidai yadda aka koya masa. Ya buɗe ɗaki, ya ja janareta, ta tashi bugu ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya kunna fitila ya saita ta sama. Da labari ya iso kasuwa na rugo, tun daga nesa na ji ƙarar janareta. Na ɗaga kai, babu komai a sama sai rana. Fitila tana ci, tarwaɗar gwangwani tana manne, tsohon soja yana tsaye ƙiƙam a gefenta yana hawaye.

"Na kira ka, Ilu," in ji shi. "Wallahi tun ɗazu nake kiran ka."

Ni na nutsa na ɗauko Yaya, bayan azahar, a gindin wani kututture. Aka ce Ilu ya yi ƙoƙari. Har yabona aka yi.

A zaman makoki Nasiru ya zo. Matasa suka tare shi a ƙofar zaure, wani ya watsa masa ƙasa a shadda, wani ya ce ya fito da ƙahon mutane. Ya tsaya, ya dube ni ta saman kawunansu. Ina zaune kan tabarma da Bashir a cinyata, lokacin bai cika shekara biyu ba. Kalma ɗaya zai faɗa a gama da ni. Ni ma kalma ɗaya zan faɗa in wanke shi. Na sunkuyar da kai. Ya yi addu'arsa daga tsaye ya juya. Zaɓe na gaba ko akwatin unguwarsu bai ci ba, kuma har ya mutu Kansila Mai Fitila ake ce masa, ba da daɗi ba. Sabon ƙahon da Yaya ya binne ba wanda ya san inda yake a taɓo, ba kuma wanda ya yi zuciyar yin wani. Fitilar ma aka sace mata waya, ta yi tsatsa, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka ƙarasa ta. Muka tashi ba tsuntsu ba tarko. Mahaifiyar Bashir ta yi aure a Darki bayan ta fita takaba, ta bar min shi.

Sau ɗaya na tambayi Nasiru. Shekaru sun ja, lokacin har an buɗe jami'a garin ya cika da baƙin fuska, na same shi yana jiran mota a bakin titi, ya rame.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Maraya yana hannunka," in ji shi. "In na faɗa, wa zai riƙe shi? Kuma ai ni na kawo fitilar. Rabona na ɗauka, na ƙara da naka, bai fi ƙarfina ba."

Na so a ce zagina ya yi. Mutum ya ɗauke maka kaya ba ka roƙe shi ba, sai ka rasa inda za ka sa fuskarka, har ka fara jin haushinsa. Na ji haushin Nasiru shekara da shekaru saboda ya fi ni. Na ji haushin 'yan siyasa, na ji haushin littafin Turawa, na ji haushin garin da ya yi min dariya. Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya faɗin alheri a kan kowa. To ga dalilin. Wanda ya san abin da ke cikin akwatinsa ba ya son jin an yabi wani.

Ranar sadakar bakwai ta Nasiru, Talatu ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ta dire a gabana.

"Shi ya tafi da nasa shirun," in ji ta. "Kai kuma da wa za ka bar naka? Da ni? Na gaji, Malam."

Na aika aka kira Bashir. Ya shigo ya durƙusa, "Baba, ga ni." Na buɗe akwatin na gaya masa duk abin da kuka karanta a nan, ban rage ba, har da kwana taran. Bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki ƙahon ya juya shi a hannu, ya shinshina, ƙila ko zai ji man shanun da ubansa ya shafa. Ya tashi ya fita da shi. Kwana goma sha ɗaya bai taka gidan nan ba. Kun tambaye ni ko lafiya, na ce aiki ne ya riƙe shi. Wannan ita ce ƙaryata ta ƙarshe gare ku.

Shekaranjiya da hantsi ina zaure ina shafa wa ƙafa magani, sai na ji shi. Sau uku, masu tsawo. Ban san lokacin da na tashi ba. Ba takalmi, ba hula, ba riga sai singileti, da kumburarriyar ƙafa ina gudu a cikin gari mutane suna kallo. Da na isa mashigi na tarar ba ni kaɗai ba ne. Tsofaffin masu ne, wani da sanda, wani da kumfar sabulu a kai, da matasa biyu da ba su taɓa jin amon ba amma iyayensu mata suka koro su. Ruwa lafiya lau, ba wanda ya faɗa. Bashir yana tsaye gindin tsamiya da ƙaho a hannu. Kowa ya san hukuncin wanda ya busa na ƙarya, amma ba wanda ya motsa. Ya ƙirga mu da ido, sannan ya tsaya a kaina.

"Ku tara ne," in ji shi. "Baffa, ranar ma da tara za su zo?"

Baffa ya ce, ba Baba ba. Na ji ta har cikin ƙashina, kuma ban ga laifinsa ba.

Na ce, "Da sun fi ashirin. Kuma da yana raye."

Ya gyaɗa kai. Ya laluba jikin tsamiya, tsohuwar ƙusa itace ya haɗiye ta, sai ya ciro sabuwa daga aljihu ya buga da dutse, ya rataye ƙahon. Ya ce wa tsofaffin shi zai riƙa shafa masa mai. Da zai wuce ya dubi ƙafata tana jini inda kwalba ta yanke ni, ya cire takalminsa ya ajiye a gabana, ya tafi ba takalmi. Har yau bai zo gida ba. Takalmin yana nan a zaure, kada wanda ya ɗauke shi daga wurin.

Gobe in Allah ya kai mu zan je gidan Nasiru in faɗa wa 'ya'yansa a gaban mutane. Ku kuma in kun ji wani ya ce Kansila Mai Fitila, ku gyara masa, ku ce ubanmu ne ya sauke ƙahon. Allah ya jiƙan Yaya Sani, ya jiƙan Nasiru. Ni kuma ku roƙa min abin da kuka ga na cancanta.